Wata Mata da Na Sani

A layinmu ba kowa ya san sunan matar Fasto na gaskiya ba. 'Yan coci suna ce mata Mama, masu kawo ɗinki suna ce mata Mai Keke, amma da ta ba da baya, "Wata Mata" kowa yake ce mata. Kuma ba wani ya jawo mata wannan suna ba sai mijinta.

Fasto yana da wani baƙin allo da ya kafa a jikin katangar coci, daidai inda duk mai zuwa tasha sai ya wuce. Shekara ashirin da shida, kullum da safe in ya gama shan shayi, sai ya fito da alli a aljihun riga da tsumma a hannu, ya goge na jiya ya rubuta na yau. A sama ya sa "Tunanin Yau", a ƙasa layi huɗu ko biyar. Maganar gaskiya mutumin ya iya jera magana. Direbobi suna rage gudu don su karanta. Waɗanda ba su taɓa leƙa coci ba ma suna tsayawa. Akwai wani kafinta da ya ce allon nan ne ya sa ya koma ya gaishe da mahaifinsa bayan shekara bakwai suna gaba.

Abin haushin shi ne Fasto ba ya zuwa nesa neman misali. Gidansu manne yake da coci, ɗaki uku da falo, kuma duk abin da ya faru a ɗakunan nan uku, gobe yana jikin katanga.

"Wata mata da na sani ta ɗora madara a wuta ta tafi hira. Da ta dawo, tukunya ta ƙone. Haka zuciya take in an bar ta ba mai dubawa."

To, jiya duk layin ya sha ƙaurin madarar.

"Wata mata da na sani ta kwana uku tana neman almakashinta, ba wanda ba ta zarga ba a gidan. Ashe yana ƙarƙashin matashin da take zaune a kai. Kafin ka tuhumi ɗan'uwanka, tashi ka duba inda kake zaune."

Ranar da likita ya sa mata haƙoran roba guda biyu, kafin ta koyi tauna da su, labarinsu ya riga ya zama darasi a kan sabuwar rayuwa.

"Baban Malama," takan ce masa, da laƙabin 'yarsu, "wai ni kaɗai ce mace a duniyar nan?"

"Ai ban kama suna ba, Mama."

"Da ka kama sunan ma ya fi mini. Ko mai kayan miya in na taya, sai ya ce in yi hankali kada gobe a rubuta."

"Kin ga kuwa, yana karantawa ke nan. Kina yi wa Ubangiji aiki ba ki sani ba."

"Ubangiji bai ce a tallata haƙorana ba."

Sai ya yi dariya ya shafa tumbinsa, a zuwan wasa take yi. Ba mugu ba ne, a yi masa adalci. Shi ne mai zama da marar lafiya a asibiti tun safe har yamma, shi ne mai cire takalminsa ya ba wani. Amma idonsa ba ya ganin mutum a gidansa, misali yake gani yana yawo da zane.

Abu ɗaya ne tak bai taɓa hawa allon ba: Mama ba ta iya karatu ba.

Ita ce babba a gidan da aka haifi tara. Wata huɗu ta yi a makaranta aka cire ta don ta riƙa goyon ƙanne. Lamba kam ta sani, tef ɗin awo ya koya mata, amma harafi a wurinta kamar sawun kaza ne. Tana da dabarunta. Kowane yadi aka kawo, sai ta ɗaura masa ɗan ƙyalle mai launi, ta san ja na matar mai kemis ne, shuɗi na 'yar haya ce, ba ta taɓa haɗa na wani da na wani ba. A coci tana riƙe littafin waƙoƙi kamar kowa, tana juya shafi in ta ga an juya, waƙoƙin kuwa duk suna kanta. In aka ce a zumuntar mata, "Mama, karanta mana ayar," sai ta laluba wuya ta ce, "Kash, na bar gilashina a kan keke." Gilashin nan ya fi shekara talatin ana barinsa a kan keke.

Mutum uku suka san maganar: mijinta, 'yarta, da Mai Guga, wanda teburinsa ke fuskantar allon. Kowace safiya Mama takan fito da riga ɗaya a hannu wai a goge mata, ta tsaya ta ba allon baya, ta ce ƙasa-ƙasa, "Yau me aka ce na yi?" Shi kuma ya karanta mata yana watsa ruwa a kan rigar, bai ɗago kai ba.

Sau biyu Fasto ya taɓa roƙonta ta bar shi ya rubuta wannan, wai zai ƙarfafa mutane da yawa. Ta ce masa ranar da ya rubuta, ya nemi mai dafa masa shayi. Bai sake tayar da zancen ba.

'Yarsu ɗaya ce, ana ce mata Malama don tana koyar da 'yan aji ɗaya. Shekara goma sha ɗaya da aurenta da wani makanike, mutum mai shiru-shiru. Sau uku tana samun ciki, sau uku Fasto yana hawa allo tun cikin bai yi ƙwari ba: "Wata yarinya da na sani, Allah ya dube ta." Ranar Lahadi a ba da shaida, a yi tafi, matan zumunta su fara saƙa 'yan safa. Sau uku cikin yana zubewa. Kuma matan da suka yi tafin nan su ne za su cika falo suna tambaya: ba ki ɗauki bokiti ba kuwa? Kin sha maganin da na ce? Wata ma ta matso ta ce ko akwai abin da ba ta furta ba tsakaninta da Allah. A na ukun, Fasto har rashin ya rubuta, ya yi darasi a kan haƙuri. Darasin ya yi kyau, mutane suka yi ta share hawaye a bakin katanga. Malama kuwa ta shekara ba ta taka cocin ba, in za ta zo gida ma sai ta zago ta baya.

Wata Talata da rana sai ga ta da jaka. Ta shiga ɗakin ɗinki ta saki labule, ta zauna a kan tarin yadi.

"Mama, wata uku. Likita ya ce in kwanta, kada in hau bene, kada in ɗaga ko buta."

Mama ta tsayar da keken. Gidan Malama a hawa na uku yake, ruwa kuma sai an ɗauko daga ƙasa, mijinta tun safe in ya fita sai yamma.

"Ai kin zo gida," in ji Mama. "Ga gadona."

"Da sharaɗi. In na ga abin nan a allon Baba, ko da a kaikaice ne, zan tattara in koma benena in kwanta ni kaɗai. Ko mene ne ya faru, ya faru a can. Ba zan sake zama a falon nan ana tambayata bokiti ba."

"Ba zai hau ba."

"Mama, kin san mijinki fa."

Ta san shi kuwa. Kuma ta san bangon da ke tsakanin ɗakin ɗinki da ɗakin karatunsa falanki ne, ba abin da bai ji ba. Da safe ta same shi a tebur yana murmushi shi kaɗai, yana juya alli a tsakanin yatsu, shayin ya huce bai sani ba.

"Ajiye allin nan, Baban Malama."

"Mama, Allah ya yi mana abu, mu ɓoye? Rashin godiya ke nan. Kuma yarinyar nan tana bukatar addu'ar ikkilisiya."

"Addu'ar sai da alli take tashi? Ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa ka yi, ai kai kake koya mana haka."

Nasa wa'azin ne aka mayar masa. Ya ce to, ya ji.

Ya ji ɗin ke nan. Laraba Mai Guga ya karanta mata cewa akwai irin da ke tsirowa a ƙarƙashin ƙasa ido bai gani ba. Alhamis, wai kaza ba ta shela in tana kwanci. Juma'a, wai akwai gidan da ya sani da ake dariya ƙasa-ƙasa. A ranar da yamma sai ga shugabar zumuntar mata, wadda ake ce wa Uwar Zumunta, ta kawo wani siket wai a rage mata, siket ɗin da ba abin da ya same shi. Tana magana da Mama, wuyanta yana miƙewa wajen ƙofar ɗakin ciki.

"Na ji an ce Malama tana nan. Lafiya dai?"

"Hutu take yi."

"Hutu ana tsakiyar karatu? Ikon Allah. Allon Baba ma kwanan nan sai ƙwai da iri."

Da matar ta tafi, Mama ta daɗe zaune, ƙafarta a kan keke ba ta taka ba. Ta gane abu biyu. Mijinta kamar tulu ne mai tsaga, ko an toshe baki sai ya yi yoyo ta gefe. Matan nan kuma in ba a jefa musu wani abin taunawa ba, 'yarta za su tauna. Abin da ya isa ya cika bakin Fasto ya kuma cika nasu, guda ɗaya take da shi.

Asabar da safe ta kai masa shayi, ta ja kujera ta zauna gabansa.

"Akwai abin da ka roƙe ni sau biyu na hana ka. Na ba ka."

Ya dube ta bai gane ba, sannan ya gane.

"Ka rubuta, ka yi wa'azi da shi, ka yi yadda ka ga dama. Amma ka yi mini alkawari gaban Wanda kake yi wa aiki: ba Malama, ba iri, ba ƙwai, ba kaza, ba gidan da ake dariya, har sai abin da ke cikinta ya fito ya yi kuka."

Jama'a, a nan ne fa ya kamata mutum ya ji kunya. Matarka ta shekara talatin da huɗu ta ɗauko abin da ta fi ɓoyewa a duniya ta ajiye maka a tebur kamar kuɗin fansa, don ta sayi shirunka a kan 'yar cikinka. Ko ɗan akuya ne ya ci ya sunkuyar da kai ya ce, "Bar shi, Mama, na yi shiru kyauta." Fasto ya ce, "Haba Mama," har sau biyu. Da baki ya faɗa. Hannunsa kuwa tuni ya shiga aljihu yana laluben alli.

"Zai taimaki mutane da yawa," ya ce a hankali. "Ba ki san yadda nake alfahari da ke ba."

"Alkawarin nake jira."

Ya yi alkawarin.

Da ta fito da rigar guga, ta tarar da mutane sun fi na kullum a bakin katanga. Suna ganinta suka watse kamar an kira su. Mai Guga ya karɓi rigar ya shimfiɗa, ya yi ta gyara wuyanta.

"Yau me aka ce na yi?"

"Mama, yau idona ba ya gani sosai."

"Kai ma ka bar gilashinka a kan keke? Karanta."

Ya karanta, muryarsa kamar ta mai bin gawa: "Wata mata da na sani ta riƙe littafin waƙoƙi shekara talatin ba ta san harafi ɗaya a cikinsa ba, amma ba ta taɓa ɓata waƙa ba. Ku da kuka iya karatu, me kuka riƙe a zuciya?"

"Ya ƙare?"

"A ƙasa ya sa: za a ci gaba gobe."

Kwana huɗu ya yi yana ci gaba. Har ƙyallayen yadi sai da ya saka, har gilashin. Ranar Lahadi kuma ya hau mumbari ya yi awa guda a kai, yana share ido da hankici, mutane suna cewa amin.

Mama ta zauna a layin gaba inda ta saba, ba littafi, ba gilashi, hannunta a kan cinya. Da aka tashi waƙa, muryarta ta fi ta kowa. Ta ji idanu a ƙeyarta kamar ƙudaje. Bayan sujada Uwar Zumunta ta riƙe hannunta da hannu biyu ta ce, "Ayya Mama, ashe duk shekarun nan. Da kin faɗa ai da ba mu riƙa wahalar da ke ba." A satin aka cire sunanta daga jerin masu karatu, aka kuma sanar da cirewar. Wata da Mama ta ɗinka wa kayan aure da na goyo uku ta fara cewa a auna ta sau biyu, ko da an yi kuskure. Yara a layi suka riƙa nuna mata allon shago suna tambayar me aka rubuta.

Amma ba wanda ya sake miƙa wuya wajen ɗakin ciki. Wata biyu cur ba a yi zancen kowa ba sai na Wata Mata da littafinta.

Malama daga bakin mijinta ta ji. Ta yunƙura za ta tashi daga gado, ta ce sai ta je ta faɗa wa Baba abin da ba a taɓa faɗa masa ba.

"Koma ki kwanta," in ji Mama. "Na riga na biya, kada ki sa in yi asara."

Malama ta juya ta fuskanci bango ta yi kuka mai isarta. Da ta gama ta ce, "Miƙo mini kwalin can da guntun allinki."

"Na me?"

"Tunda duniya ta sani, me ya rage? Zauna. Na koya wa masu majina ma, bare ke."

Haka aka buɗe aji a ɗakin ciki, malama a kwance, ɗaliba a bakin gado da zare a wuya. Mama tana yi tana mita. Ta ce wanda ya ƙirƙiro haruffan nan bai iya yanka ba, rabinsu kamar an ɗinka su a bai-bai. Malama ta ce in ta sake kiran wannan harafin "mai tumbi irin na babanki" za ta kore ta daga aji. Ba su faɗa wa kowa ba, har Fasto. Mai Guga ma ana ci gaba da kai masa riga kullum.

Fasto dai ya riƙe alkawari, wannan ba za a hana shi ba. Ya sha wuya kuwa. Wata shida yana rubutu a kan kwata, da rufin coci mai yoyo, da awakin da ke cin furannin ƙofa. Har ya rame. In ya wuce ƙofar ɗakin 'yarsa yakan tsaya ya yi addu'a ba sauti, leɓɓansa suna motsi, hannunsa a aljihu.

Wata Litinin da hantsi aka haifi yarinya a asibiti, ƙarama amma da murya kamar ta kakarta. Fasto ya ɗauke ta ya yi kuka, ya sa mata albarka, ya miƙa ta, sai aka neme shi aka rasa. Mama ta san inda ya nufa. Ta bar makanike da mai jego ta hau mota ta bi shi.

Ta same shi a gaban allo ya goge na safe, 'yan layi sun fara taruwa. Ta shiga gida ta fito da bokiti da tsumma, ta tsaya a bayansa. Ya gama layin farko ke nan ya ji murya a kafaɗarsa, a hankali, gaɓa-gaɓa, kamar mai taka dutse a rafi.

"Wa-ta ya-rin-ya da na sa-ni."

Allin ya faɗi ya karye biyu. Mai Guga ya bar dutsen guga a kan wandon mutane har sai da ya yi ƙauri.

"Mama," in ji Fasto, "yaushe?"

"Lokacin da kake fama da awaki. Ka tambayi mai abin?"

"Ai alkawarin har ta yi kuka ne. Ta yi kuka, na ji da kunnena."

"Jaririya ta yi kuka. Uwar ta ce ka rubuta?"

Ya sunkuya ya tsinci guntayen allin. Ta tsoma tsumma a bokiti, ta matse, ta goge layin tas, har da kusurwoyin da yakan bari.

"In ta dawo gida ka tambaye ta. Abin da ta ce, shi za ka sa, kuma zan karanta."

Kwana tara allon yana baƙi wuluk. Ran na goma, Malama tana zaune a falon nan da ta rantse ba za ta sake zama ba, 'yarta a cinya, ta ce wa babanta ya rubuta kalma biyu: "Mun gode." Ya roƙi a ƙara masa ko layi ɗaya ne na darasi. Ta ce biyu. Ya fita ya rubuta, ya yi musu manyan haruffa don su cika allon. Ranar Lahadi Malama ta shiga coci ta ƙofar gaba.

Har yau Fasto yana rubuta Tunanin Yau, sai dai yanzu akwai mai bokiti a bayansa. In ta ga "wata mata", ba ta ko jira ya kai ƙarshe. Bai taɓa roƙon ta yafe masa ba, ita ma ba ta ce ta yafe ba. Ya dai saya mata littafin waƙoƙi mai manyan haruffa, ta karɓa ta ce takardar ba ta da kauri.

Da gida ya gagare shi, sai ya ɗaga ido ya dubi tsallaken titi. Shekaranjiya Mai Guga ya zo buɗe teburinsa ya tarar da Mama tsaye gaban allo, bokiti a ƙasa, tsumma a bushe.

"Mama, yau me aka ce?"

Ta gyara tsayuwa ta karanta masa, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba: "Wani mai guga da na sani ya ƙona wandon mutane saboda kallon abin da ba ruwansa."

"Haba Mama, wannan ai sai ki goge."

"Ai bai kama suna ba," ta ce, ta ɗauki bokitinta ta shige gida.